Bayan Aikin Sankarar Furostet: Tambayar da Magidanta Ke Haɗiyewa

 Idan akwai ƙananan yara kusa da rediyo, a ɗan aike su waje, domin zancen yau na manya ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da likita ya zaunar da magidanci ya ce masa an ga sankara a furostet ɗinsa, kuma aiki za a yi a cire, akwai tambayoyin da ke fitowa nan take. Nawa ne kuɗin? Kwana nawa zan yi a gado? Zan tashi kuwa? Akwai kuma guda ɗaya da ke maƙalewa a maƙogwaro, musamman idan babban ɗansa ne ya rako shi yana tsaye a gefe: "Likita, bayan aikin nan zan iya kusantar iyalina?" Sai a haɗiye ta. Ba za ta fito ba sai bayan wata shida ko shekara, cikin raɗa, bayan an maimaita gaisuwa har ta ƙare. To a lokacin kuwa, bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan mafi yawan al'amarin. Ƙarfin da namiji zai tsira da shi, tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake fara tsare shi, kuma da baki ake farawa.

Bari mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Yawancin dattawan da kuke jin an ce an yi musu aikin fitsari, ba sankara ce da su ba. Furostet ɗin ne ya kumbura saboda shekaru, ya matse hanyar fitsari, sai a kankare cikinsa ko a ƙwaƙule tsakiyar a bar ɓawon. Irin wannan aiki galibi ba ya hana gaba miƙewa. Abin da ya fi jawowa shi ne maniyyi ya riƙa komawa cikin mafitsara maimakon ya fito. Wanda nake magana a kai daban ne: aikin sankara, inda ake ɗauke furostet ɗin ɗungurungum, tare da 'yan jakunkuna biyu da ke bayansa masu samar da ruwan maniyyi, sannan a ɗinke bakin mafitsara da bututun fitsari.

Me ya haɗa wannan aiki da ƙarfin namiji? Furostet ɗan ƙullutu ne, nauyinsa a jikin matashi kimanin giram 20, yana zaune ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Shi kansa ba shi ke tayar da gaba ba. Maƙwabtansa ne abin ji. Ta dama da ta hagu, can baya-baya, akwai wasu siraran jijiyoyi masu kai saƙo, da suka taso daga ƙasan gadon baya suka nufi mazakuta. Idan sha'awa ta motsa, su ke sakin wani sinadari da ke sa tsokar cikin mazakuta ta saki, jini ya kwararo ya cika ta, hanyoyin fitarsa su matse. Miƙewa ke nan. Jijiyoyin nan a manne suke da jikin furostet, raba su da shi kamar ɓare siririyar fatar nan ta albasa ne ba tare da ta yage ba, kuma a cikin rami mai zurfi, jini na tsattsafowa.

Tun 1904 ake wannan aiki. Hugh Hampton Young ne ya fara shi a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimo a Amurka. Har kusan shekara 80 bayan nan, kowa ya sallama cewa wanda aka yi wa, ya yi ban kwana da shimfiɗar aure. Likitoci sun ɗauka ta cikin furostet ɗin jijiyoyin suka ratsa, don haka ba makawa a tafi da su, har maza da yawa sukan ce a bar su da cutarsu. A 1977 wani majiyyaci ya dawo wurin likitansa Patrick Walsh, a wannan asibiti dai, ya ce shi fa lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya ragu. Da wani likitan ne, sai ya yi masa barka ya sallame shi. Walsh kuwa abin ya tsaya masa a rai: in har mutum ɗaya ya tsira, ashe jijiyoyin ba a ciki suke ba, a kan rashin sani ake yanke su. A watan Fabrairun 1981 ya je ƙasar Holan, ya ziyarci wani tsohon farfesa da ya yi ritaya a garin Leiden, mai suna Pieter Donker, wanda ke bin sawun jijiyoyin mafitsara a gawar jaririn da aka haifa ba rai, saboda a jikin jariri sun fi fitowa fili. Suka duƙufa su biyu a kan madubin ƙara girma, cikin 'yan sa'o'i suka ga hanyar: a waje suke, suna bin gefe. Ranar 26 ga Afrilun 1982, Walsh ya yi wa wani mutum mai shekara 52 aikin farko da aka tsara da niyyar barin jijiyoyin, kuma ƙarfinsa ya dawo.

Labari ne mai daɗi, amma kada daɗinsa ya ruɗe mu. Barin jijiyoyi ba alkawari ba ne. Sankarar ce ke fara yanke hukunci. Idan tana zaune a tsakiya ba ta kusanci gefe ba, ana iya barin jijiyoyin dama da hagu duka. Idan ta jingina da gefe ɗaya, a yanke na wannan gefen a bar ɗayan, damar ta ragu amma ba ta tafi ba. Idan kuwa ta fasa ɓawon ta shiga inda suke, likitan da ya bar su don ya faranta maka, sankara ya bar maka a jiki. Nan babu ja, rai ne gaba. Bayan sankara sai shekaru da halin da aka shiga aikin da shi. Mai shekara 55 da gabansa ke aiki sosai ba ɗaya yake da mai 70 da dama can abin sai an lallaɓa ba. Ciwon suga, hawan jini, taba da teɓa duk suna cinye hanyoyin jini tun kafin wuƙa ta zo. Tiyata ba ta taɓa mayar wa kowa abin da bai shigo da shi ba, shi ya sa ƙaryar jarumta a gaban likita kai take cuta. In ya tambaye ka yaya lamarin yake yanzu, gaya masa yadda yake.

Ga lissafi, don kada a ce kintace nake yi. A Birtaniya an yi wani babban bincike mai suna ProtecT, wanda ya bi maza 1,643 'yan shekara 50 zuwa 69 da aka gano sankararsu da wuri. Aka raba su uku ta hanyar ƙuri'a: wasu tiyata, wasu gashi da na'ura, wasu kuma sa ido kawai, ana auna su a kai a kai. Kafin a fara, kashi 67 cikin 100 sun ce gabansu na miƙewa yadda za su iya saduwa. Bayan wata shida, a cikin 'yan tiyata kashi 12 ne kacal suka iya faɗin haka, 'yan gashi kashi 22, 'yan sa ido kashi 52. Bayan shekara shida, 'yan tiyata sun ɗan farfaɗo zuwa kashi 17, 'yan gashi 27, 'yan sa ido kuma sun sauko zuwa 30, saboda shekaru sun ƙaru kuma da yawansu an yi musu magani daga baya. Gaskiya ne tsakanin 1999 da 2009 aka ɗebi mutanen nan, hannu ya ƙara faɗawa tun daga lokacin, kuma ƙwararrun cibiyoyi na samun sakamakon da ya fi wannan nesa ga maza masu ƙarancin shekaru. Amma lissafin na gama-gari ne, ba na tallar asibiti ba, shi ya sa na fi yarda da shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito a 2023, bayan an bi su shekara 15. Waɗanda sankarar ta kashe kusan kashi 3 cikin 100 ne, kuma kusan haka yake a duka rukunin uku. Sai dai cutar ta fi bazuwa a jikin 'yan sa ido, kusan ninki biyu. Ma'ana, ga mai sankara ƙarama mai tafiyar hawainiya, tambayar farko ba ita ce yaya za a yi aikin ba, ita ce shin dole ne a yi shi yanzu? Hanyar da ta fi kowace tsare jijiyoyin nan ita ce kada a taɓa su in babu buƙata. Amma fa kusan duk mutanen binciken Turawa ne da aka kama cutarsu tun tana jaririya. Baƙar fata ya fi haɗari: a Birtaniya ana ƙiyasta namiji ɗaya cikin huɗu na baƙaƙe zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali a jimlar maza ɗaya cikin takwas ne. Don haka sa ido hukuncin likita ne bayan awon jini na PSA da hoto da ɗibar tsoka, ba hujjar zama a gida ba ce.

In an tsaya a kan aiki, to hannun da zai yi shi ne abin dubawa. A nan masu hali sukan ruɗe. An ji labarin na'urar da Vinci, wadda likita ke sarrafa hannayenta daga kan kujera yana kallon ciki a allo, sai a ɗauka duk wanda ta taɓa ya tsira, a sayar da fili a nufi Indiya ko Masar. A birnin Birisben na Ostareliya an gwada wannan: maza sama da 300 aka raba, wasu aikin na'ura, wasu na buɗe ciki, kowanne a hannun gwani. Sakamakon ya fito a 2016, aka sake dubawa bayan shekara biyu. 'Yan na'ura sun fi ƙarancin zubar jini, sun riga barin gado, amma wajen riƙe fitsari da ƙarfin gaba babu wani bambancin kirki. Na'ura ba ta san jijiya ba, mai tuƙa ta ne ya sani. Saboda haka, a Kano kake ko a Alƙahira, ka tambayi likitan: irin wannan aikin nawa kake yi a shekara? A jikina, za ka iya barin jijiyoyin, gefe ɗaya ko biyu? Cikin masu shekaruna da ka yi wa, nawa ne ƙarfinsu ya dawo, da magani ko ba magani? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce maka "kada ka damu, Alhaji, babu komai" bai amsa maka ba.

Akwai wata dabara da aka ƙirƙiro a birnin Hambog na Jamus, sunanta NeuroSAFE, wadda a ganina ta fi na'urar kanta muhimmanci. Ana barin jijiyoyin tukuna, a ciro furostet ɗin, a yanki gefensa a daskarar, a duba a madubi majiyyaci na kwance bai farka ba. In gefen tsaf yake, shi ke nan. In an ga sankara ta taɓa shi, a koma a cire jijiyar wannan gefen. A gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya, wanda ya fito a 2025, bayan shekara ɗaya kashi 39 na waɗanda aka yi wa haka ba su da matsalar miƙewar gaba, ko kuma kaɗan ce ta same su, a kan kashi 23 na waɗanda aka yi wa aikin da aka saba. Ba ko'ina ake yin ta ba, tana buƙatar ɗakin bincike a kusa da ƙwararrun ma'aikata, amma mai biyan miliyoyi a ƙasar waje ya cancanci ya tambaya.

To, an yi aiki, an cire robar fitsari bayan mako ɗaya ko biyu, an koma gida. Ko da an bar jijiyoyin duka biyu, kusan kowa zai tarar gaba shiru. Wannan ba alamar aikin ya ɓaci ba ne. Jijiya ba ta son a ja ta, ba ta son zafi, ba ta son a taɓa ta ma. Sumewa take yi, kuma farfaɗowarta a hankali ne: wani wata shida, wani shekara, wani sai shekara biyu, wani lokaci har a ɗan haura. Wanda ba a gaya masa haka ba, a wata na uku zai yanke ƙauna.

Sai dai jira ba zaman banza ba ne, ga dalili. Lafiyayyen namiji gabansa na miƙewa sau da dama cikin barci ba tare da ya sani ba, kuma wannan ne ke wanke tsokar da sabon jini. Idan jijiyoyi suka suma, wannan ya tsaya. Tsokar da ta daɗe ba ta cika ba sai ta fara taurarewa ta zama tabo, ta daina riƙe jini, har mazakutar ta ɗan rage tsawo. Daga nan tunanin ya fito cewa a riƙa tayar da ita da dabara kafin jijiyar ta farka. Wani likitan Italiya, Francesco Montorsi, shi ya fara gwada haka a 1997 da allura a kan maza 30, sakamakon ya ba da sha'awa, duniya ta ɗauka. Da aka zo manyan gwaje-gwaje da ƙwayoyi, a 2008 da 2014, sai murna ta ragu. Shan ƙwaya kullum bai sa ƙarfin ya fi dawowa da kansa ba bayan an daina sha, ko da yake ta taimaka a lokacin da ake shan ta, kuma gwajin 2014 ya nuna ta rage asarar tsawo. Ni abin da na ɗauka shi ne: a fara da wuri, a riƙa amfani da abin da ke aiki, amma kada wani ya sayar maka da ƙwaya a kan cewa ita ce ke ɗinke jijiya.

Ƙwayoyin nan, sildenafil da aka fi sani da Viagra, wadda ta shigo kasuwa a 1998, da tadalafil da 'yan'uwansu, ba su ƙirƙirar saƙo. Wanda jijiya ta kawo suke ƙara wa ƙarfi. In an yanke jijiyoyin duka, da wuya su yi wani abu. In an bar su, za su iya ƙin aiki a wata na biyu su yi a wata na goma, don haka ba a yanke musu hukunci da gwaji ɗaya. Gargaɗi mai nauyi: mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe da danginsa masu sinadarin naitiret, kada ya kuskura ya haɗa su. Jini na iya faɗuwa warwas.

Inda ƙwaya ta gaza, allura ce ke ba da mamaki, kuma ita mutane suka fi gudu. Siririya ce irin ta masu ciwon suga, mutum ke yi wa kansa a gefen mazakuta bayan likita ya koya masa ya kuma auna masa adadi. Ba ta jiran jijiya, kai tsaye take buɗe hanyar jini, cikin 'yan mintoci. Haɗarinta shi ne gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya. In ya kai awa huɗu, asibiti za a nufa a daren, ba a jiran gari ya waye, domin jinin da ya tsaya yana kashe tsokar. Mai sikila kuwa dama yana da wannan haɗarin, lallai likita ya sani kafin ya rubuta. Akwai kuma famfon da ke zuƙo jini, a sa zoben roba a gindi, wanda ba a barinsa ya wuce minti 30. Can ƙarshe, idan shekara biyu ta wuce babu labari, akwai dashen da ake sawa a cikin mazakuta, wanda Brantley Scott ya fito da mai famfo a Amurka tun 1973. Yana da tsada, kuma in an sa babu komawa, amma yawancin waɗanda aka yi wa sukan gamsu.

Abu biyu kuma dole a ji su kafin aiki. Maniyyi ba zai sake fitowa ba, ko da ƙarfi ya dawo sarai, domin an cire masana'antar ruwan an kuma datse hanyarsa. Haihuwa ta hanyar saduwa ta ƙare ke nan. A wurinmu, inda mai shekara 60 kan kasance da amarya mai jiran goyo, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma mafitarta ita ce a adana maniyyi a cibiyar haihuwa kafin aiki, ba bayansa ba. Na biyun albishir ne: sha'awa ba ta tafiya, saboda ba a taɓa 'ya'yan maraina ba, kuma jin daɗin ƙarshen saduwa ta wata jijiyar daban yake bi, ana samunsa ko babu ruwa, kai, ko gaba bai miƙe ba. Wasu fitsari kan ɗan zubo musu a wannan lokaci. A yi fitsari kafin a kwanta, a kuma dage da motsa tsokar matse fitsari da ake koyarwa a asibiti.

Uwargida fa? Ita ce aka fi zalunta da shirun nan. Maigida ya dawo daga asibiti ya juya mata baya, bai ce uffan ba, sai ta ɗauka ya daina son ta. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kafin a ankara zargi ya shiga: wance ce ta ɗaure shi. A bar jijiyar da ke jinya a koma neman makarin sammu. Daga nan sai masu lasifika a bayan mota, da kwalaben da ba a san abin da ke ciki ba. An sha auna irin waɗannan magungunan ƙarfin maza a ƙasashe daban-daban a tarar an ɓoye sildenafil a ciki, ba awo ba ƙa'ida, ga dattijo mai ciwon zuciya. Da an shiga da matar wurin likita tun farko, ta ji da kunnenta cewa shekara ɗaya ko biyu ake jira, da yawancin wannan bai faru ba. In mai rakiya ɗa ne, a ce masa ya ɗan jira a waje.

Duk wannan bayani kuwa na wanda aka kama cutarsa tana cikin furostet ne. Sankarar furostet ita ce kan gaba a sankarar maza a Najeriya, kuma likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawancin marasa lafiya ba sa zuwa sai ta shiga ƙashi, ana ciwon baya, ƙafa ta fara mutuwa. A wannan mataki ba a ma zancen barin jijiya. Abin da ya rage shi ne a katse sinadarin mazantaka da ke ciyar da cutar, ko da allura ko da cire 'ya'yan maraina, hanyar da Charles Huggins ya gano a 1941, kuma ita har sha'awar take ɗaukewa. A farkonta cutar ba ta ciwo, ba ta ma cika taɓa fitsari ba. Shi ya sa ake shawartar baƙar fata ya fara zancen awon PSA da likita tun daga shekara 45, wanda kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, ya gaya wa likita wannan tun a zaman farko. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu, kuma ana yin awon a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji.